Taransifoma 500kVA mai mai da na sa wa injin casa, bayan ta ci damina biyu

Salam jama'a. Tun bara wasu 'yan uwa masu injina suke ta tambayata ya taransifomar da na sa, su saya irinta ko kar su saya, ni kuma nace a bari ta ci damina biyu tukuna, don amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake, in na yi magana a watan farko yabo kawai za ku ji. To yanzu ta ci, ga abin da na gani.

Injin casar shinkafa nake da shi ta wajen Kakuri a Kaduna, ba wani babba ba ne, akwai na cire tsakuwa, na ɓare ƙaiƙayi, na gogewa guda biyu, sai bohol da 'yan fitilu da ofis. Mu da muka tashi a unguwar nan mun san wuta tun zamanin masaƙu, mahaifinmu Allah ya jiƙansa a masaƙa ya yi aiki, kuma masaƙar KTL tun 1957 take, don haka Kakuri ba baƙuwar manyan taransifomomi ba ce, sai dai ni ban taɓa sanin me ke cikin tukunyar ba sai da tawa ta ƙone.

Eh, ta farko ƙonewa ta yi. A 2022 na sayi wata 300kVA a hannun wani mutum da ba zan kama sunansa ba, yace min tokumbo ce, daga wani kamfani da ya rufe aka ciro ta, ko shekara uku ba ta yi aiki ba. An fesa mata fenti ruwan toka tana ta ƙyalli, kuɗinta bai kai rabin sabuwa ba, na ga banza na faɗa. Ban sa an gwada mai ba, ban sa an sa mata mega ba, wato na'urar da ke gwada ko wuta na zurarewa a ciki, ban ma san ana yi ba wallahi. Ta yi aiki shekara ɗaya da wani abu, kullum in ka matsa kusa da ita da rana kamar ka tsaya bakin tanda, ƙuginta kuma har daga ofis ina ji, na ɗauka haka suke yi. Sai ana saura 'yan kwanaki azumin 2024, daidai lokacin da dilolin shinkafa suka yi mana layi, wajen ƙarfe uku na rana muka ji dam, fiyus biyu suka zubo, mai ya fara tsartuwa ta sama yana wari kamar an ƙona takarda da roba. Shikenan.

Yayana ne ya kawo min wani dattijo, tsohon ma'aikacin NEPA da ya yi ritaya, Baba injiniya muke ce masa. Da aka buɗe ta ya leƙa ya girgiza kai yace Alhaji wannan ba tokumbo ba ce, ƙonanniya ce aka sake naɗa mata kwayil, kuma naɗin ma cikin fes uku, wato layukan wutarta uku, biyu kofa ne wato jan ƙarfe, ɗaya alminiyam. Ya ɗebi man a kwalba, baƙi ƙirin kamar na tsohuwar mota, ƙasansa duk laka. Amma fa bai bar ni ba nima, ya tambaye ni injina nawa nake tayarwa lokaci ɗaya, na lissafa masa, ya ɗauko biro ya rubuta a bayan kwalin siminti yace 300kVA iyakarta amfiya 417 a ɓangaren bolt 415, kai kuma tun da ka ƙara injin gogewa na biyu kana wuce nan kullum, ko sabuwa ce dal kana cin ranta. To ka ga laifi biyu ne, na mai sayarwa da nawa. Araha ba ta ado, na ji a jikina.

Sati uku muna kan janareta muna shan gas kamar ruwa, dala kuma a lokacin ta haura 1,500, duk shagon da ka shiga farashin safe daban na yamma daban. Shi ya sa ba zan rubuta kuɗin da na biya ba, ba amfanin da zai yi muku yau, miliyoyi ne dai masu ciwo, sai da na sayar da fili. A wani shagon kayan wuta cikin gari na saya, su ma ba zan faɗi suna ba saboda akwai inda zan yabe su akwai inda zan ɗan taɓa su.

Abin da na saya: 500kVA, tana karɓar 33kV tana sauke wa zuwa bolt 415, ƙirar Turkiyya, kwayil ɗinta kofa ne duka. Baba injiniya ne ya hana ni biya sai da ya karanta ƙarfen nan da ake maƙalawa a jikinta mai ɗauke da bayanai, ya gwada lambar jiki da ta takardar gwajin masana'anta ya ga sun yi daidai. A jiki an rubuta ONAN, yace ma'anarsa mai da iska ne kawai ke sanyaya ta, babu fanka babu famfo, man ne in ya yi zafi yake tashi sama ya bi ta faffaɗan fukafukan nan na gefe ya huce ya sauko da kansa. An kuma rubuta Dyn11, wannan yadda aka haɗa kwayil ne, ɓangaren da ke ba mu wuta yana da nutural, shi ya sa kake iya cirar fes uku na moto ka kuma ciri fes ɗaya na fitila da firji. Nauyinta wajen tan biyu, man ciki kaɗai durom biyu da ɗoriya. Sai da aka ɗauko hayab, motar nan mai ƙugiyar ɗaga kaya.

Nan zan fara taɓa shagon. Da farko yaron shagon cewa yayi Oga ai ba sai an gwada ba, sabuwa ce a leda, takarda ma tana Legas za a turo. Baba yace ɗana in takarda tana Legas to kuɗin ma yana Legas. Cikin awa biyu takarda ta fito daga durowa. Ban ce suna da mugun nufi ba, inaga dai sun saba da masu saye irina na da, wanda zai duba fenti ya biya ya tafi. Aka kawo mai gwaji ya sa mega tsakanin babban ɓangare da ƙarami da kuma jiki, ya gwada ko kowane fes yana sauke wuta daidai da ɗan uwansa, sannan aka ɗebi mai ta famfon ƙasa aka kai gwaji.

Gwajin man nan shi ne abin da nafi so mutane su gane, don ni da na ɗauka man taransifoma kamar man inji ne, don santsi. Ashe babu abin da ke juyawa a ciki balle ya nemi santsi. Aikinsa biyu, ya kwashe zafi daga kwayil, ya kuma hana wuta tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan, shi da takardar da aka naɗe wayoyin da ita. Babban makiyinsa ruwa, ɗan laima kaɗan wanda ido ba zai gani ba ya isa ya karya ƙarfinsa. Yadda ake gwadawa, ana zuba shi a wani ɗan kofi mai ƙarafa biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu milimita 2.5, a yi ta ƙara wuta har sai ta yi tartsatsi ta tsallaka, inda ta tsallaka nan ne ƙarfin man. Na tsohuwar da aka gwada don in gani da idona ko 20kV bai kai ba, na sabuwar ya haura 60. Baba yace duk wanda ya sauko ƙasa da 30 shi ba ya kwana da shi, ko a tace ko a canza. Gani ya kori ji.

Batun 33 ko 11 kuma, mutane da yawa sun tambaye ni. Ta 33kV ta fi ta 11kV tsada ko da girmansu ɗaya, kayan haɗinta ma haka, fiyus, aresta mai tare aradu, duk sun fi tsada. Ni layin 33 ne ya bi ta kusa da ni, kuma a nawa ganin wutarsa ta fi zama saboda ba ta biyo ta ƙaramar tashar da ake rabon 11 ba. Amma wannan ba kai kaɗai ke yanke hukunci ba, sai ka rubuta wa kamfanin rarraba wuta sun zo sun duba sun amince da inda za a ɗaura ka, hukumar NEMSA ma sai ta duba aikin ta ba da satifiket kafin a kunna. Kar ka fara sayen taransifoma kafin ka san wane layi za a ba ka, na san wanda ya sayi ta 11 aka ce sai 33, tana nan ajiye a gareji har yau kaji na kwana a kai.

Toh ya aikinta? Gaskiya alhamdulillah. Cikakken lodinta amfiya 696 ne, mu in komai na aiki muna yawo tsakanin 430 da 470, wato ko kashi saba'in ba mu kai ba, kuma ka ji bambanci. Ƙuginta a hankali yake, sai dare ya yi shiru kake ji. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna, wanda kowa ya san yadda yake kafin ruwa ya sauka, agogon zafin man bai taɓa wuce digiri 65 ba a idona, ina dubawa kusan kullum don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Baba ya gaya min wani lissafi da ya zauna min, wai in zafin cikin kwayil ya wuce ƙa'ida, duk ƙarin digiri shida yana raba kwanan takardar nan gida biyu. Ba za ka ga komai a waje ba, tana ta aiki, a ciki kuwa takarda na ta soyuwa tana zama kamar busasshen ganye, rana ɗaya sai ta ce ga garinku. Abin da ya ci ta farkon kenan. Don haka masu cewa 500 ta min yawa na yi asarar kuɗi, ni na san abin da na saya, sarari na saya.

Motocina ma sun huta. Da in aka tayar da babban injin gogewa fitilun ofis har lumshewa suke, yanzu ɗan ƙiftawa ne kawai. Akwai lokacin da wutar ke zuwa ƙasa-ƙasa, muna samun 385 zuwa 390, sai Baba ya zo aka matsar da tap mataki ɗaya. Tap ɗin wani maɓalli ne a samanta mai matakai biyar, kowane mataki kashi 2.5 cikin ɗari. Don Allah a ji wannan da kyau, irin wannan tap ɗin ba a taɓa shi da wuta a jiki, sai an sauke fiyus duka uku an tabbatar ta mutu, ba aikin yaron da ke gyara maka soket ba ne. Yaron injina ya taɓa cewa Alhaji ai na ga yadda Baba ya murɗa, nace in ka kuskura ka hau wurin nan ko wutar ba ta kashe ka ba ni zan kore ka.

Yanzu abin da bai min daɗi ba. Wata na biyu na ga gefen murfin sama yana jiƙewa, ƙura na mannewa wurin, ba zuba yake sosai ba, gumi dai. Na kira shagon tunda akwai garanti na shekara ɗaya a rasit. Gobe, jibi, injiniyanmu ya je Zariya, injiniyanmu ya je ɗaurin aure, sai da na yi sati uku ina bin su, ƙarshe Baba ne ya zo aka kashe ta ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure, gumin ya tsaya. Aikin minti arba'in. Da aka zo sayarwa har lemo aka ba ni, da aka zo garanti waya ma da ƙyar ake ɗauka. Sannan silika jel ɗin da suka haɗo ni da shi rabinsa ya riga ya canza kala tun a shago.

Silika jel ɗin nan ƙaramin abu ne amma shi ne hancinta. Akwai ɗan tanki kwance a samanta, in man ya yi zafi ya kumbura ya hau cikinsa ya turo iska waje, in ya huce da dare ya koma ya zuƙo iska ciki, to iskar ta cikin wata kwalba mai tsakuwoyi shuɗaye take bi su tsotse laimar. In suka ƙoshi sai su koma ruwan hoda, daga nan duk laimar damina cikin manka take tafiya. Ƙasan kwalbar akwai ɗan kofi da ake zuba mai kaɗan yana tare ƙura. A Agusta da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa wata biyu ma ba ya kaiwa ya juye, da hunturu kuma ya daɗe amma ƙura ce ke cika kofin da kan kwalaben da wayoyi ke shiga. Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Ku zagaya unguwanni ku duba taransifomomi, da yawa za ku ga kwalbar ta fashe ko babu ita gaba ɗaya an toshe da leda, sannan in ta ƙone a ce tsautsayi.

Wani abin kuma, ta zo da na'urar nan Bukolz, sunan wani Bajamushe ne da ya ƙirƙiro ta, tana kan bututun da ya haɗa tukunya da ɗan tankin sama, in wani abu ya fara ƙonewa a ciki gas na taruwa a cikinta ta ba da sanarwa. Yaron shago ya yi ta min talla da ita, abin da bai gaya min ba shi ne in ba ka da birekar da za ta ba umarni, kai da fiyus kawai kake, to ado ce. Wayoyinta a naɗe suka zauna wata shida sai da muka haɗa ta da ƙararrawa a ɗakin maigadi. Ba ta taɓa kaɗawa ba, Allah ya sa kar ta kaɗa.

Sai abin da ba wanda ya gaya min kafin in saya: ko ba ka aiki tana cin wuta. Muddin a kunne take ƙarfen cikinta na shan nasa, takardar gwajin tawa ta nuna wajen wat 900, ka lissafa awa 24 ya haura yunit 21 a rana, a wata kusan 650, kuma ni mitata ta ɓangaren 33 take don haka a kaina yake. Ba a daɗe da kunna ta ba, Afrilun 2024, aka kai kuɗin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Ba laifin taransifomar ba ne, kowacce haka take, amma mai shirin sayen 500 alhali lodinsa na 200 ne ya san da wannan. Sarari daban, ɓarna daban.

Atin kuwa, wato haɗa ta da ƙasa don wutar da ta ɓace ta sami hanyar wucewa, nan ne na kusa yin rowa Baba ya hana. Ramuka aka haƙa aka kafa sandunan kofa aka zuba gawayi da gishiri, na jiki daban, na nutural daban, na aresta ma haka, ya yi ta gwadawa yana cewa a ƙara sanda sai da ma'aunin ya sauko ƙasa da om biyu ya yarda. Nace Baba wannan kuɗin duk a ƙasa za a binne? Yace Alhaji ranar da aradu ta faɗo za ka san inda ya tafi. Damina ta farko kuwa wata tsawa da aka yi cikin dare aresta ɗaya ta tsage gida biyu, taransifoma ko gezau. Da rani ƙasa na bushewa atin ya yi rauni, don haka yaro na zuba wa ramukan ruwa lokaci-lokaci.

A Oktoban 2024 da arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda matsalar manyan layuka, har da na Shiroro zuwa Mando da aka lalata, abin da ya hana ni barci ba rashin wutar ba ne kawai, ɓarayi ne. Taransifoma mai wuta tana gadin kanta, wadda ta mutu kuwa nama ce. A kwanakin nan aka kwance wa maƙwabcinmu kebul ɗin da ke tashi daga taransifoma zuwa fida fila, wato akwatin rabon wuta, aka buɗe famfon ƙasa aka tsiyaye man tas, shi kuma bai lura ba wuta ta dawo ta same ta a bushe, ko minti goma ba ta yi ba. Ni Allah ya taimake ni tun farko na je Panteka aka ƙera min keji na ƙarfe mai kauri har da rufin sama, famfon man ma an yi masa akwati an walde, ga fitilar sola ga maigadi. Kuma mun sauke fiyus a lokacin, da wuta ta dawo sai da ta zauna Baba ya sa mega sannan aka mayar. Masu sayen man sata kuma, ana cewa wasu a injin walda suke zubawa, wasu har ana zargin suya, ku ji tsoron Allah, wannan daga ɗanyen man fetur ake tace shi, tsofaffin ma wasu na ɗauke da sinadarin PCB mai guba wanda aka daina yi tuntuni.

In maki ake so, taransifomar kanta huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na cire na gumin murfin nan ne. Shagon uku, kayansu na gaske ne ba su yi min ƙarya kan kofa ba kuma sun kawo ranar da suka ce, amma bayan sun karɓi kuɗi sai ka yi ta bi. Zan sake saye wurinsu? Zan iya, in Baba na gefena. Wanda lodinsa ya kai irin nawa ya sayi irinta ba zai yi nadama ba in sha Allah. Wanda kuma kuɗinsa bai kai sabuwa ba, ban ce duk gyararriya ce mara kyau ba, akwai masu naɗi na ƙwarai a garin nan, amma a gaya maka gaskiya cewa gyararriya ce, a buɗe murfi ka ga kwayil da idonka, a gwada mai a gabanka.

Gwajin man shekara ta biyu wancan watan aka yi, ƙarfinsa ya sauko 52kV, Baba yace ba komai a bar shi sai baɗi. Wanda ya san inda ake samun silika jel mai kyau a gwangwani a rufe nan Kaduna ya min magana don Allah, wanda na samo kwanan baya a leda aka auno min, sati uku ya koma ruwan hoda.